Gugan da Hajiya Ta Ɓoye

Ruwan Godiya,
Ƙaramar Hukumar Faskari.

Zuwa ga Kawu Abdulgafar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Hamida da yara. Allah ya ƙara maka nisan kwana, ya tsare ku a can Fatakwal. Mu nan sai godiya. Masara ta yi kyau bana, Umma kuma ta samu sauƙin ciwon ƙafar nan, har ta koma yi mana faɗa da ƙarfinta.

Aiki da karatu suna tafiya, alhamdu lillahi. Rabin mako ina ɗakin gwaje-gwaje na kamfanin ruwa, rabin kuma ina ɗaukar darussan digirina na kimiyya. Mukan zaga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a kan babur muna ɗebo ruwa a kwalabe don a auna. Yaya Nasir har yanzu cewa yake an kai ni jami'a koyon wankin kwalba. Na bar shi, bakinsa ne.

Kawu, wasiƙar nan ta godiya ce, amma sai ka ji dalili. Da na zo gida tsakiyar damina, na tarar gudawa ta kwantar da yaran unguwarmu, biyu har asibiti. Hankalina bai kwanta ba, sai na ɗebi ruwan rijiyar ƙofar gida na tafi da shi. Ka fi ni sanin rijiyar nan, ita ce mahaifinku marigayi Malam Gide ya haƙa sadaka don ladanta ya riƙa isar masa har kabari. Sakamako ya fito da ƙwayoyin cuta, saboda sabuwar salgar da aka haƙa kusa da ita. Wallahi sai da na yi kuka, domin dole a daina sha, ni kuma ban san da wane baki zan gaya wa Hajiya Kaka a rufe sadakar mijinta ba.

Umma ta ce in rufa mata asiri in yi shiru, kada a ce jikar Malam ce ta yanke masa lada. Na so in bi maganarta, amma na kasa, don ciwon da ake ɓoyewa ba ya samun magani. Na je na durƙusa gaban Hajiya na faɗa mata komai. Ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Sai ta miƙe da sandarta ta fita, ta kwance gugan da hannunta, ta shige da shi ɗaki ta tura ƙarƙashin gado. Ta ce Malam lada ya haƙa wa rijiya, ba alhakin 'ya'yan mutane ba, kuma ko liman ne ya zo ba ta ba da gugan sai kwalbata ta yarda.

Shugabar sashenmu a kamfanin ruwa, Allah ya saka mata, ta zo da kanta. Aka cike salgar, aka yashe rijiyar, aka zuba magani, aka ɗaga bakinta da siminti aka yi mata murfi. Muka yi ta aunawa har ruwan ya fito tas. Ranar da aka buɗe, Hajiya ce ta fara sha. Ta aje moɗa ta ce in rubuto maka cewa ita ce ta fi kowa yi maka faɗa lokacin da ka nace a bar ni in shiga wannan tsari na aiki da karatu, har ta ƙi amsa wayarka. Yanzu ta ce ka yafe mata, domin ashe ladan ubanka kake tsarewa ba ta sani ba. Ni kam, Kawu, ban da abin biyanka sai addu'a. Na gode, na gode.

A gaishe mini da Inna Hamida, da Kamilu, da Najiba. Umma da Yaya Nasir suna gaishe ku. Hajiya kuma ta ce ka kira ta, wannan karon za ta ɗauka.

'Yarka mai yi maka addu'a kullum,
Hajaratu Yahya