Rasuwar Alhaji Rabe Mai Tanti da Makomar Algaitun Misfala

Cikin alhini da karayar zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangijin wannan Ɗaki mai alfarma, Ƙungiyar Masu Busa ta Hausawan Misfala, a nan Makka, tana sanar da 'yan uwa mazauna Misfala da Jarwal da Kudai da Shisha, da na Jidda da Madina, da duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa, cewa ta sami labarin rasuwar shugabanta kuma ubanta, Shehun Masu Busa, Alhaji Rabe ɗan Malam Dawuda, wanda aka fi sani da Rabe Mai Tanti. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, cikin wannan wata na Shawwal, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da shi tun tsakiyar azumi. An sallace shi a Harami bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Ma'ala. Mun jinkirta wannan sanarwa har aka tashi daga zaman makoki, domin mun so mu zo wa jama'a da magana mai daɗi game da makomar ƙungiya, kuma Allah bai nufe mu da samun ta ba.

Marigayi ya baro ƙasar Gumel yana saurayi, a ƙafa, kamar yadda akasarin iyayenmu suka zo. Ya ratsa Barno da Abashe, ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Jazira ta Sudan har guzurinsa ya haɗu, sannan ya ƙetaro daga Sawakin zuwa Jidda da algaitarsa naɗe cikin bargo. Ya sauke farali, garin ya riƙe shi, bai sake komawa gida ba. Sana'arsa ɗinkin tantuna ce, kuma duk wanda ya taɓa zuwa Mina gabanin saukar alhazai ya san shi: dattijo dogo, zaune cikin rana da basilla a hannu, yana yi wa tantin da ya yage faɗa sai ka ce da gangan ya yage. Da wannan sana'a ya ciyar da iyalinsa, bai taɓa cin ko loma ɗaya da bakin algaita ba.

Shi ne ya tara mu. Ya bi 'yan dako da masu tsire da masu jan ruwa gida gida, duk wanda ya ji labarin ya taɓa riƙe algaita ko sarewa ko ƙaho a garinsu sai ya je ya tsare shi a ƙofa, har aka sami ƙungiyar da take raka amarya, take zuwa suna, take tarbar waɗanda suka dawo daga ziyarar Madina. Babu mai albashi a cikinmu, daga shugaba har mai ɗaukar tabarma. Mataimakinsa, Malam Garba, shi ke yawon sanar da mutane ranar gwaji, da ƙafarsa, ko da kuwa rana tana dafa ƙwaƙwalwa. Malam Hassan, ma'ajin kaya, ya yi shekara da shekaru yana kwana a kan algaitu da ƙahonni da ya jera ƙarƙashin gadonsa, mai gidan da yake haya bai taɓa sani ba. Marigayi kuwa shi ne mai doka, kuma dokarsa ba ta lanƙwasa: ba a busa kusa da Harami, ba a busa da azumi, ba a busa in alhazai suna cikin gari, in kuma aka ji kiran salla to ko a tsakiyar taken wa ake, a sauke. Gwajinmu a wani kwari muke yi can bayan Kudai, ranar Alhamis da yamma, inda ba mai jin mu sai awakin makiyaya. Akwai maƙwabta da suke ganin busa ba ta dace da mazaunin wannan gari ba. Bai taɓa yi musu musu ba, sai dai su tarar da shi ya riga su sahun gaba a masallaci.

Amma babbar hidimarsa, wadda ita ce ta sa wannan rashi ya fi ƙarfinmu, ba a filin biki ake ganin ta ba. Kowace algaita tana da ɗan kara da ake sakawa a bakinta, shi ne yake kuka idan an hura, in babu shi algaita itace ce kawai da ƙarfe. A ƙungiyarmu ba mai yanka wa kansa wannan kara. Alhaji Rabe ne yake yanka wa kowa, daga wata ciyawa ta bakin tafkin Chadi da alhazan ƙafa suke zuwar masa da ita. Yakan dafa ta da kitse da wasu abubuwa da shi kaɗai ya sani, ya shanya a inuwa, sannan ya kira mutum ya ce ya hura masa a tafin hannu, ya fere karan daidai ƙarfin numfashinsa. Mai ƙirji ya ba shi mai kauri, tsoho ya ba shi mai laushi. Abin da ya sa ke nan idan algaitunmu suka tashi tare sai ka ji murya ɗaya, alhali masu busa su daga Katsina suke da Damagaram da Sakkwato, kowa da irin busar garinsu. Kara yana gajiya, ya yi laushi, ya tsage. Saboda haka duk ƙaramar salla marigayi yakan zauna a zaurensa, mu shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya durƙusa ya karɓi sabo daga hannunsa. Karɓar karan nan ita ce shaidar mutum ɗan ƙungiya ne, ba mu da wata shaida bayan ita. Bana salla ta same shi a kwance, ba wanda ya karɓi komai.

Jama'a za su tambaya, kuma suna da gaskiya, yaya aka yi tsawon shekarun nan ba wanda ya koya. Amsar ita ce a wurinmu ba a cewa babba ya koya maka abin da yake hannunsa, domin faɗin haka tamkar ce masa ne ka hango ƙarshensa. Shi ake jira ya kira ka. Malam Garba ya taɓa yin ta maza shekarun baya, ya kewaya ya kewaya, ya ce da marigayi ko zai so a riƙa taya shi riƙe wuƙa saboda idonsa. Marigayi ya dube shi ya ce: "Esh hada, mene ne haka, ya Garba? Har ka auna mini likkafani ne?" Aka yi dariya, Malam Garba ya yi mako bai iya haɗa ido da shi ba, magana ta mutu daga nan. Da ciwo ya kwantar da shi kuwa sai ƙofar ta ƙara rufewa, domin ba a zuwa wa mai jinya da irin wannan zance, sai dai a ce masa ai ya ji sauƙi, jikin ya yi kyau. Haka muka riƙa ce masa kullum, shi ma yana amsa mana da alhamdu lillahi, har ranar Talata.

Bayan sadakar uku, uwargidansa, Hajiya Mairama, ta aiko mana da ɗan damin ciyawar da ya rage da wuƙarsa. Manyanmu suka zauna suka gwada. Abin da ya fito, wani ko motsi bai yi ba, wani ya yi kukan agwagwa, wani ya tsage tun kafin ya kai baki, har Malam Hassan ya rantse a bar sauran ciyawar haka nan kada mu ƙarar da ita a banza. Samun wata kuma ba mu ga hanya ba. Alhazan yanzu ta sama suke zuwa, mutum ya karya kumallo a Kano ya yi sallar magariba a Jidda, bai ga tafkin Chadi ba balle ciyawarsa. Mun aika tambaya Jidda da Madina ko akwai wani tsoho da ya san aikin, amsar da ta dawo ta'aziyya ce kawai. Ko da ma an sami karan, wa zai hura? Rushe-rushen faɗaɗa Harami ya warwatsa mu, wasu Shisha wasu Kudai, ƙaraminmu furfura ta cika masa gemu, haƙoran da ke riƙe algaita suna zubewa. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, Allah ya yi musu albarka, suna da ayyukansu na ofis da tuƙin mota, ka yi musu Hausa su amsa da Larabci, in sun ga uba ya ɗauko algaita sai su ja ƙofa kada abokai su ji. Ba ma zargin su. Muna faɗa ne don kada wani ya zauna yana jiran ƙungiya ta farfaɗo, mu da muke ciki ba mu ga ta inda za ta farfaɗo ba.

A madadin dattawan ƙungiya da dukkan 'ya'yanta, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwarmu Hajiya Mairama, da 'ya'yan marigayi, Abdulganiyyu da Yunus da ƙanwarsu Sa'adiya, da surukai da jikoki, da abokan sana'arsa maɗinka tantuna, da dukkan Hausawan wannan gari mai alfarma. Muna roƙon Allah, don girman Ɗakinsa da marigayi ya yi maƙwabtaka da shi mafi yawan rayuwarsa, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri da juriya, ya tsaya musu a inda shi yake tsaya musu. Mu ma da muka rasa uba, Allah ya ba mu haƙurin, domin wallahi ba mu da shi.

Daga ƙarshe, ƙungiya tana sanar da shawarar da ta yanke. An sa bikin Sa'adiya bayan an sauke tantunan Mina, kuma a zuwan ƙarshe da Malam Garba ya yi don duba shi, marigayi ya kama hannunsa ya ce masa: "Ni dai halas, tawa ta ƙare, ya Garba. Amma yarinyar nan kada ku bari a kai ta da kiɗan garmaho." Iyali sun tabbatar mana ba za a ɗaga bikin ba. Saboda haka daga yau an dakatar da gwajin Alhamis. Kowane mai algaita ya zare karansa na bara, ya naɗe shi a tsumma mai tsabta, ya ajiye inda zafi ba ya kai, kada ya sa shi a baki ko don ya ji ko yana nan. Muna ba waɗanda suka riga suka gayyace mu suna ko tarbar Madina haƙuri, ba za mu zo ba, ɗan numfashin da ya rage a karan nan na Sa'adiya ne. Ranar kai amarya za mu fito gaba ɗayanmu, da masu sarewa da masu ƙaho. Wanda karansa ya tsage a hanya ya sauke algaitarsa ya ci gaba da tafiya tare da mu, ko mutum ɗaya ne ya rage yana busa sai mun kai ta ƙofar ɗakinta. Bayan wannan rana kada kowa ya wahalar da kansa aiko mana, ba mu da abin da za mu zo da shi.

Sa hannu:
Mukhtaru ɗan Malam Kabo
Magatakarda kuma mai magana da yawun Ƙungiyar Masu Busa ta Hausawan Misfala
Makka, Shawwal 1386