Sugen Gidan Ɗana

Lahadi, 8 ga Afrilu, 1962

Ni Tome nake faɗa, jikata Mitsue ke rubutawa. Ko baƙi ɗaya ban sani ba. Maigidana Genzo kullum sai ya rubuta yadda gari ya waye, to kar abin ya yanke don ya mutu. Yau yayyafi. Tun bayan rasuwarsa ina gidan ɗana Sadao a birnin Takaoka. An ba ni ɗakin da ke jikin makewayi. Ba ƙorafi nake ba. Rubuta cewa ba ƙorafi nake ba.

Laraba, 11 ga Afrilu

Mai lambu ya kawo suge a amalanke, ya dasa ta gefen duwatsun da ake takawa zuwa ƙofa. Suge dai, ciyawar da na tsufa ina yanka a fadamar ƙauyenmu muna saƙa malafa. Amma wannan gajera ce, da farin layi a bakin ganye. Na ce malafar wa za a saƙa da wannan, ta kyanwa?

Kikue matar Sadao ta ce, "Ta kallo ce, Inna. A gidan nan akwai abin da aka ajiye don kyau, akwai wanda aka ajiye don dole."

Sadao ya yi dariya har da dukan cinya. Ni ma na yi.

An ce ni zan riƙa ba ta ruwa, in ci shinkafata da hujja.

Asabar, 19 ga Mayu

Ta kama. Ruwan wankin shinkafa nake ba ta, ina tsince mata dodon koɗi. Mai lambu ya dawo ya yi wa Kikue dogon bayani a kanta. Na matso in ji, aka ce in je in share bayan gida.

Litinin, 4 ga Yuni

Kwano ya suɓuce mini, miyata ta zube. Ba a ƙara mini ba.

Alhamis, 26 ga Yuli

Zafi kamar gari zai kama da wuta. Kwanakin yankan suge ke nan, a ƙauyenmu ko goyo ya sani: a yanke daga gindi, a shanya ta yi fari. Sun tafi bakin teku sun bar ni gadin gida. Na wasa laujen Genzo. Kafin rana ta take na gama, na baza ta a tsakar gida ɗauri-ɗauri kamar mafici, yadda muke yi. Baya na ciwo, rai fes. Na ce yau Sadao zai ce sannu, Inna.

Da suka dawo, Kikue ce ta fara gani. Ihun da ta yi, maƙwabta sai da suka leƙo ta katanga.

Sadao bai ɗaga murya ba. Gara ma ya ɗaga. "Wannan ba a yanka ta, tsohuwa. Ko ƙanƙara ta binne ta kore take zama. Don haka na saya." Tsohuwa ya ce. A gaban 'yarsa.

Ya ce in ba ta tofo ba kafin Obon, ranar da dangi za su cika gida tarbar matattunmu, zai kai ni gidan tsofaffi na bayan tashar jirgi. Can aka kai ƙawata Shima. Na je duba ta sau ɗaya, na same ta ɗaure a gado da ɗamarar rigarta. Ba ta ga sabuwar shekara ba.

Mitsue, daina dariya. Ina ganin kafaɗarki.

Lahadi, 29 ga Yuli

Yau Kikue ce ke rubuta mini, ta taimaka. Surukata mutuniyar kirki ce. Abinci yana isata. Laifina ne. Shi ke nan.

Laraba, 1 ga Agusta

Mitsue ce kuma. Safe da yamma ina durƙushe gaban kututturan. Na yi musu rumfa da tsohuwar tabarma kar rana ta ƙone su. Na kai wa Genzo shinkafa gaban Buda, inda muke yi wa matattu addu'a, na ce maigida, kai ka san suge, ka sa baki. Namandabu, Buda ya ji ƙanmu.

Kikue ta wuce da wanki ta ce, "Kar dai ki yi kuka a kanta, Inna, gishirin zai ƙarasa ta."

Ba na iya haɗiye abinci. Duk motar da ta tsaya a ƙofa sai in leƙa ko ni aka zo ɗauka.

Asabar, 4 ga Agusta

Ba komai. Busassun tsinkaye kawai.

Laraba, 8 ga Agusta

Maza biyu suka shigo ɗakina da igiyar awo, ina zaune, ko gaisuwa babu. Ɗaya ya ce in ɗan matsa. Suka auna bango suka fita.

Na tambayi Mitsue. Ta ce fiyanonta, abin kiɗan nan, za a sa a nan. Na ce ai ba a kai Obon ba, suge na iya tofowa.

"Kaka, ke kam! Wace suge? Tun watan Mayu Baba ya kai sunanki can, gado ake jira. Ranar Asabar wata ta mutu, an samu." Ta ce dama abin da za a faɗa wa dangi ne ya dame su, sai ga shi na kawo musu da kaina, da lauje.

Watan Mayu. Ina tsince dodon koɗi a lokacin.

Kin rubuta wannan? Ta ce ta rubuta. Ina zan sani.

Lahadi, 12 ga Agusta

Gari garau. Gobe dangi za su zo. Na riga kowa fita, na ɗaga tabarmar. Na daɗe a wurin.

Sadao ya leƙo da buroshi a baki. "Yaya, tsohuwa, ta tofo?" Na ce zo ka duba da idonka, ai kai ka saya. Ya zo ya sunkuya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Bai ga komai ba. Sai na ga ashe ransa na kan ciyawar nan da gaske, har fuskarsa ta canja.

Na ci shinkafa kwano biyu, ni na ƙara wa kaina. Kikue ta kalle ni. Na kalle ta.

Mitsue na tambaya wai me ya sa faratana suka yi kore. Ke yarinya, rubuta abin da aka ce ki rubuta. Ba ta tofo ba. Ƙananan toho ne dai, masu taushi, tsinke su ko ƙarfi ba ya buƙa... A'a, bar wannan. Ba ta tofo ba.

Gobe ma da wuri zan duba.