Amsoshin Yayana Sun Tsufa

Anti, ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Ni ke riƙe da wani babban shafin intanet inda ma'aikatan kwamfuta ke kawo matsalolinsu a ba su amsa. Yayana ne ya kafa shi, ni a lokacin aikina share tallan banza ne kawai. Da Allah ya yi masa rasuwa sai komai ya faɗo kaina, har da kujerarsa mai karyayyen hannu da na kasa jefarwa.

Yaya ko abinci yake ci yana amsa tambaya. Likita 'yan shafin ke ce masa. Amsoshinsa ba sa ƙirguwa, kuma har yau su ke fara fitowa in an yi bincike. To Anti, manhaja ba ta jiran kowa. Abin da ya rubuta daidai ne a lokacinsa, amma an sauya tsari. Kwanan baya wani ma'aikaci ya kwafi umarnin Yaya na share tarkace daga babbar kwamfutar ofishinsu, ya liƙa bai duba shekarar rubutun ba, halin mutanenmu ke nan, sai bayanan ofishin suka tafi ƙurmus. An sallame shi. Da ya rubuto min bai zage ni ba, cewa ya yi ya ga sunan Likita ne ya saki jiki. Da ma zagin ya yi.

Na kawo shawarar a sauke tsofaffin amsoshin, sai tsofaffin 'yan shafin suka yi min ca, wai zan share sunan mai gida. Waɗanda ko gaisuwar mutuwa ba su zo ba su suka fi kumfar baki. Su kam zan iya da su. Umma ce damuwata. Ba ta san kan kwamfuta ba, amma duk zuwana gaishe ta sai ta tambaya ko har yanzu ana karanta rubutun ɗanta. In na ce ana yi, sai ta ɗaga hannu tana godiya, tana cewa ladan na isa kabarinsa. Da wane baki zan ce mata na yanke? Gaba kura, baya sayaki. Ajiye aikin ma ba dama, ba wanda ya san cikin shafin sai ni. Kullum ina kan kujerar nan ina fargabar wa zai kwafa na gaba.

Ƙanwar Likita

Ƙanwata, Allah ya jiƙan yayanki. Masu hana ki suna da tasu gaskiyar, mutum ne ya yi musu rana, kuma tarihin shafi ba shara ba ne. Amma kara ba za ta mayar wa wancan bawan Allah aikinsa ba.

Ke kika ƙuntata wa kanki da zaɓi biyu. Kada ki goge. Ki sa jan gargaɗi a saman kowace tsohuwar amsa, da shekarar da aka rubuta ta, ki ja mai karatu zuwa sabuwa. Masu haɗari irin ta share tarkacen nan ki rufe su yau, ba sai kin nemi iznin kowa ba. Masu kumfar baki kuma ki raba musu aikin sabuntawa, a ƙasan sunansa. A nan za ki gane masoyan Likita na gaske, cikinsu kuma ki koya wa wani sirrin shafin, ki samu ki numfasa. Wanda aka sallama, ki nemi 'yan shafin su taya shi neman wani aikin.

Umma kuwa ki faɗa mata gaskiya, kina gyara rijiyar da ɗanta ya haƙa ne don kar ruwan ya cuci masu sha. Za ta gane fiye da yadda kike zato. Ki kuma tambayi kanki, da Likita ne ya karanta saƙon ma'aikacin nan, zai ƙarasa cin abincinsa kafin ya gyara?

Allah ya ba ki ƙarfin gwiwa, ya kai haske kabarinsa.