Kwamfutarku Ta Tashi da Kanta, Ta Mai da Ni Maƙaryaci

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya haɗa mana kwamfutar da ke tsara layin motocin kaya a ofishin ƙungiyarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan oga yana lafiya, ni ne Garba Dillali, mazaunin Agege, mai karɓar tumatir a kasuwar Mile 12. Sau biyu ina zuwa ofishinku ana cewa kun fita, shi ya sa na biyo ta jarida.

Na farko. Watan jiya injiniyanku ya ce yaren da kuke rubuta wa kwamfuta umarni da shi ya fito da sabon salo. Wai yanzu ba ta mutuwa: in wani sashe ya faɗi, wani sashen zai tashe shi nan take, ko mai danna ta ba zai sani ba. Bokona bai wuce aji uku na sakandare ba, amma na tambaye shi, in ta tashi da me take tashi? Dariya ya yi.

Na biyu. A wurinmu mai albasa yakan bar wa mai tumatir layinsa, don albasa tana iya jira, tumatir ba ya jira. Ba doka ba ce, mutunci ne. Ranar Talata Alhaji Isa mai albasa ya bar mini nasa, magatakardan ƙungiya ya gyara jerin a kwamfuta a gabana, Alhaji ya kama hanyar gida ta'aziyya. Can kwamfutarku ta faɗi, ta tashi shiru, ta dawo da jerin safe. Na matso da motata, direban Alhaji ya tare ni wai na ci layi. Aka duba, babu alamar gyara. Magatakarda ya rantse, aka ce ai na saye shi. Har wani ya ɗauki katako, kuma kun san yadda ƙaramin faɗa yake girma a garin nan yanzu.

Na uku. Tsohuwar kwamfutar da kuka raina, in ta mutu fuskarta baƙi take yi, kowa ya gani, mu koma alli da allo. Wannan kuwa faɗuwarta take ɓoyewa.

Tumatir ɗin da ya narke a rana na bar wa Allah. Amma ranar Asabar shugabanni za su zauna a kan ko su cire ni daga layi, ƙauyen Alhaji Isa kuma babu waya.

Roƙona biyu ne. Ku turo injiniyan kafin Asabar ya shaida cewa ta faɗi ranar Talata, na san akwai inda take rubutawa. Sannan ku sa ta riƙa sanarwa duk lokacin da ta tashi.

Allah ya ƙara wa kamfaninku kasuwa, ya kare ku daga shiga wurin da ba ku da mai shaida. Zaman ƙarfe goma ne, zan ajiye wa injiniyan kujera.

Wassalam,
Garba Dillali, Agege