Kuɗin Gado Kuke Biya, Ba Kuɗin Ganin Likita Ba

Zuwa ga Shugaban kamfanin inshorar lafiya da ake yankar albashina ana tura masa duk wata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yallaɓai, ina gaishe ka, ina gaida ma'aikatanka, da fatan kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ni malamar firamare ce a wata makaranta mai zaman kanta a cikin birnin Kano, a Mandawari nake aure. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kamfaninka ba. Takardun kokena suna ofishinku, idan ka so gano ni ba za ka sha wahala ba. Na fara riƙe alli ne a shekarun farko da soja suka koma bariki, lokacin da ake ta gaya mana cewa yanzu talaka ma yana da bakin tambaya. Ban taɓa gwada wannan bakin a bainar jama'a ba sai yau, domin na bi ku ta waya, na bi ku da ƙafa, ban samu wanda zai tsaya ya saurare ni ba.

Maganar a kan maigidana ce. Malam zan kira shi, kamar yadda nake kiransa a gida.

1. Malam baduku ne a kasuwar Ƙofar Wambai. Takalma yake ɗinkawa, sana'ar da ya gada, kuma shi da ƙaninsa Sunusi suke riƙe da rumfar. Bara da damina akwai tafiyar saro fata da Malam ya kamata ya yi, sai zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tura Sunusi. Motar da ya shiga ta yi haɗari, ba ta dawo da su lafiya ba. Gawar Sunusi aka kawo mana.

An yi zaman makoki an watse, kowa ya koma harkarsa, ban da Malam. Ya daina fita kasuwa. Ya daina cin abinci sai na tsaya a kansa. Mutumin da muryarsa ke riga shi shigowa gida ya koma sai ya yini fuskarsa na kallon bango. Idan na matsa masa, magana ɗaya ce: "Ni ya kamata in kasance a motar nan." Mun yi addu'a, an yi masa rubutu ya sha, an yi sauka. Limamin masallacinmu da kansa ya aiko matarsa ta ce mini mu haɗa da likita, ciwo ne kamar kowane ciwo.

Da na kawo maganar asibitin ƙwaƙwalwa, Malam ya ƙi. Ya ce, "Idan aka gan ni a bakin wannan asibitin, kafin in dawo gida labari ya riga ni isowa Mandawari. 'Ya'ya mata uku gare ni. Wa zai zo neman 'yar mahaukaci?" Yallaɓai, ban sani ba ko ka taɓa zama a cikin birni. A lungunmu, idan ka yi tari maƙwabci zai ce maka sannu ta bayan katanga. Tsoron Malam ba na banza ba ne.

2. Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini manhajar da ake ganin likitan ƙwaƙwalwa ta waya, fuska da fuska, mutum yana ɗakinsa. Na duba, sai ga tambarin kamfaninku ɓaro-ɓaro a cikin jerin waɗanda manhajar ke karɓar katinsu. Farashi biyu ne a rubuce. Mai inshora naira dubu uku a kowace ganawa, marar inshora dubu goma sha biyar. Katina ya haɗa da ni, da Malam, da yaran. Sai da na yi sujada don godiya. Malam ma ya yarda, tun da babu mai ganinsa.

Kafin mu fara na kira layinku. Wata mai murya mai daɗi ta ce mini babu damuwa, in fara biya cikakke, in ajiye rasit, za a mayar mini da zarar lambar izinin biya daga kamfaninku ta fito. Da wannan maganar na dogara. Ban naɗi muryarta ba, don ban zaci zan buƙaci shaida a kan mutanen da ke cin albashina ba.

3. Ina so ka san cewa abin ya yi aiki, domin kada wani ya ce maka kuɗi muka zubar. Likitan Bahaushe ne, mai haƙuri. Ganawar farko ni kaɗai na yi ta bayani. Ta biyu Malam ya amsa da e da a'a. Daga baya shi da kansa yake cewa in ba shi wayar in ja masa ƙofa. An rubuta masa magani, na sayo a kemis ɗin wata unguwa mai nisa inda ba a san mu ba. Kafin azumi Malam ya koma cin tuwo da hannunsa. Bayan salla ya koma rumfa, ko da rabin yini ne. Ranar da ya dawo da warin fata a jikinsa, yana yi wa autarmu Ummi faɗa a kan ta taka masa tabarma da takalmi, na shige kicin na yi kuka don murna.

4. Yanzu ga yadda kuka yi da ni.

Lambar izini ba ta fito ba. Na sake kira, aka ce sai asibitin da aka yi mini rajista ya rubuto takardar turawa. Asibitin suka ce sai sun ga marar lafiya. Na lallaɓa Malam da sunan awon jini, muka je, likitan asibitin ya gan shi, ya rubuta. Na kai takardar ofishinku da ƙafata. Aka karɓa, aka ce in saurari kira. Ban ji kira ba. Na koma, aka ce takardar ba ta yi ba, wai sai an tura shi asibiti mai gini da gado, ku ba ku san likitan cikin waya ba. Na buɗe manhajar na nuna wa ma'aikacin tambarinku. Ya duba, ya ce wannan na manyan kamfanoni ne masu babban kati, mu namu ƙarami ne. Na ce a ina aka rubuta haka? Ya ce yana cikin yarjejeniyar da makarantarmu ta sa wa hannu. Ban taɓa ganin wannan yarjejeniya ba, babu malamin da ya taɓa ganinta a cikinmu.

Na tambaye shi, to ciwon ƙwaƙwalwa kenan ba ya cikin abin da kuke biya? Amsar da ya ba ni ita ce dalilin wannan wasiƙa. Bai faɗa da mugunta ba, yana ma ƙoƙarin kwantar mini da hankali ne. Ya ce, "Hajiya, ganawa da magunguna ba ma biya. Amma idan abin ya kai ga gaggawa, kamar ya yi wa kansa wani abu, ku garzayo da shi. Kuɗin gado muna biya."

Wato Yallaɓai, tsarinku ya tanadi kuɗin ranar da mijina zai cutar da kansa, amma bai tanadi kuɗin hana wannan ranar zuwa ba.

5. Na ci gaba da biyan dubu goma sha biyar ɗin daga aljihuna, ga magani, ga kuɗin data, ga kai waya wurin mai caji idan an daɗe ba wuta. Na kwashe adashina. Na sayar da 'yan kunnen gwal ɗin da mahaifiyata ta bar mini. Daga ganawa duk mako muka koma duk mako biyu, daga nan sau ɗaya a wata. Rasit ɗin da ke hannunku sun haura naira dubu ɗari biyu, ban ga ko kwabo ba, kuma har watan jiya an yanki kasonku a albashina.

Ganawa ta ƙarshe rabin lokaci kawai na iya saya. Ina tsakar gida ina jin muryar Malam ta cikin ƙofa, a karo na farko yana ba likita labarin Sunusi tun suna yara, yadda shi Malam ya koya wa Sunusi riƙe basilla. Yana tsakiyar magana manhajar ta yanke. Lokaci ya ƙare. Da na shiga na same shi riƙe da wayar, yana kallon rubutun da ke cewa a ƙara kuɗi. Ya miƙo mini ita, ya ce, "Ki daina sayar da kayanki saboda ni." Tun daga ranar bai ƙara yarda an kira likita ba, ko da na ce na samo kuɗin. Maganinsa ya ƙare, kemis kuma ba sa ba da irinsa sai da sabuwar takarda.

6. Ga halin da muke ciki a yau.

Malam ba ya kuka yanzu, ba ya kallon bango. Ya natsu, har murmushi yake yi, maƙwabta na yi mini barka da samun sauƙinsa. Ni kuwa wannan natsuwar ce ke hana ni sukuni, domin tun farko likita ya keɓe ni ya faɗa mini alamomin da zan sa wa ido, kuma ina ganinsu suna zuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ya bar wa maƙwabcinsa na kasuwa rumfar, ya ce ya riƙe kawai. Ya bi 'yan'uwa gida-gida yana neman gafara, alhali ba Makka za shi ba. Ya je ya daɗe a wurin matar Sunusi yana ba ta haƙuri. Makon jiya ya kira ni ɗaki ya buɗe wani buhu. Takalman Ummi ne a ciki, ya ɗinka su da hannunsa, ɗinki mai kyau irin wanda ya daɗe bai yi ba. Na ɗaga su ɗaya-ɗaya. Na farko daidai ƙafarta. Na biyu ya ɗan fi girma. Na uku ya fi na biyu. Na ƙarshe ƙafata ma zai shiga. Ummi ajinta biyu a firamare. Na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce, "Yara suna saurin girma. Ki ajiye mata."

Na kira likitan ta wata hanya da na samu, ya saurare ni bai karɓi komai ba, Allah Ya saka masa. Ya ce kada a bar Malam shi kaɗai ko na ɗan lokaci, kuma a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Yanzu yayarsa ke zama da shi idan na fito makaranta. Na kwashe wuƙaƙen dukancinsa, da na kicin, da duk wani magani da ke gidan, na kai gidan yayar tasa a cikin kwandon wanki. Mun yanke shawara da babban wansa, gobe da safe za mu kai shi, ko ya so ko ya ƙi. Za a gan mu a lungu, za a yi magana. Abin da ya yi ta gudu zai same shi, kuma ban san ko zai yafe mini ba. Na gwammace ya yi fushi da ni yana raye.

Saboda haka, Yallaɓai, ga abin da nake nema.

Ku fito da lambar izinin kwantar da shi a yau, kada mu isa asibiti da mutum a wannan hali a ce mu zauna a benci sai an ji daga gare ku. Ku mayar mini da kuɗin da ma'aikaciyarku ta yi alkawari, domin idan Allah Ya sa aka sallamo shi, zai buƙaci likitan da ya saba da shi, ni kuma ba ni da sauran abin sayarwa. Ku cire tambarinku daga manhajar nan, ko ku rubuta da Hausa ƙarara wane kati ne ke aiki, wane ne ba ya yi. Sannan ka zauna da waɗanda suka tsara muku wannan ƙa'ida, ka tambaye su ko akwai wanda ya taɓa zama gida ɗaya da mai irin wannan ciwo. A makarantarmu kaɗai, tun da na fara buɗe baki, malamai biyu sun ja ni gefe sun tambaye ni sunan manhajar, murya ƙasa-ƙasa. Katinsu irin nawa ne.

Ina rubuta wannan a ɗakin malamai lokacin tara, wayata na gabana a kan tebur. Duk sanda ta yi ƙara sai na duba ko daga gida ne.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci a kan abin da aka damƙa maka. Allah Ya tsare maka iyalinka, Ya ba su lafiyar jiki da ta zuciya. Allah kada Ya nuna maka ranar da za ka bi ɗakunan gidanka kana tattara wuƙaƙe saboda wanda kake so.

Wassalam.

Wata malamar firamare,
Mandawari, cikin birnin Kano.