Yadda Kasuwar Mirriya Ta So Ta Cinye Mini Lahadi

Damagaram, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Autata Ramlatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya a Agadas, ya ba ki ƙarfin kula da marasa lafiyarku. Mu nan lafiya lau. Babanki ya gama yankan gero, ciwon gwiwarsa ya yi sauƙi, har ya koma hawan kekensa yana cika baki. Matar yayanki Safiyanu kuma ta kusa sauka.

Auta, ran nan a waya kin ce mini wata uku ke nan ba ki je sujada ba saboda aikin asibiti yana faɗo miki ran Lahadi. Kin faɗa kina dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini. Bari in ba ki labarin da na ɓoye miki don kunya.

Bara na fara kai man gyaɗata kasuwar Mirriya, kin san ran Lahadi take ci. Na ce wa kaina sau ɗaya kawai a wata. Ciniki ya yi daɗi, ɗaya ta zama biyu, kafin damina ta faɗi ba na fashi. Addu'ar safe ta koma ta cikin mota, daga baya ita ma gyangyaɗi ya cinye ta. Ba wanda ya tsananta mini, ba wanda ya ce in bar Yesu. Da ƙafata na yi ta ja baya, ban ma sani ba.

Kin san wa ya tsayar da ni? Ba fasto ba, maƙwabciyarmu Hajiya Bintu ce. Ta shigo da kwanon fura, ta zauna, ta tambaye ni ko na bar addinina ne ban gaya mata ba. Ta ce shekara ashirin tana jin waƙata ta katanga in ina shara, yanzu shiru. In na bari, wai in faɗa, tana da sabon hijabi a ajiye. Amma mutum ya zauna babu nan babu can, wannan ba ta yarda da shi ba. Muka yi ta dariya, tana fita na fashe da kuka. Ita ce ma ta haɗa ni da ƙanwarta Sa'a, yanzu Sa'a ce ke kai mini man kasuwa.

Ranar da na koma majami'a, matan zumunta suka tarye ni da guɗa kamar amarya. Aka tayar da waƙar da ni na koya musu, sai ga shi na manta baiti na biyu!

Don haka, Auta, kada ki jira sai kin ji kin yi nisa, ba a jin sa. Ki nemi abokiyar aiki Musulma, ki riƙe mata Juma'a ta riƙe miki Lahadi. In bai yiwu ba, ki buɗe Littafi Mai Tsarki kafin ki sa farar rigarki.

Babanki, Safiyanu da gwaggonki Zuwaira suna gaishe ki. Ranar Lahadi mai zuwa zan kira ki da la'asar. Kada ki ce mini lafiya lau kawai, ayar da aka karanta nake so in ji.

Ni ce mahaifiyarki mai yi miki addu'a kullum,
Maryama