Kiran da Aka Yi wa Baban Barkono

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki, ya kuma kunnen? Tunda duk ranar da na kira ka a waya sai dai mu yi ta "me kika ce?" har mu gaji, na koma takarda. Ka karanta a tsanake, ka yi min faɗan a rubuce.

Gyara zama tukuna. Na tattara bulalan makarantar nan kaf na kulle a kabad. Na san yanzu ka cire tabarau kana girgiza kai, amma tsaya ka ji, ba sakin yaran muka yi ba. Na zauna da malamai da maigadi da mai shara, har da matar da ke sayar wa yara abinci, muka tsayar da abu uku: kula da kanka, kula da ɗan'uwanka, kula da makarantarka. Koyar da su muke yi kamar lissafi. Mu kai aji guda bakin famfo mu nuna yadda ake bin layi, a gwada, a sake gwadawa. Haka a ƙofar shiga, haka a banɗaki. Wanda aka ga ya yi daidai, a faɗa masa nan take ainihin abin da aka gani. Wanda ya ɓata abu, ya gyara da hannunsa. Malamin ladabtarwa har yanzu hannunsa kan kai ƙusar da bulala take rataye a da, sai ya waske ya sosa ƙeya.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Akwai wata 'yar aji biyar da ake kira Barkono, kuma sunan ya bi ta. Da wuya mako ya fita ba ta fasa wa wani baki ba. Babanta kafinta ne, ya fi wasu malaman sanin hanyar ofishina. To, famfonmu ya yi wa 'yan aji ɗaya tsawo, manya kuma ture su suke yi. Rannan maigadi ya leƙo ya ce, "Shugaba, taso ki ga abin da ido bai saba gani ba." Ina zuwa na tarar Barkono tana ɗaga ƙananan ɗaya bayan ɗaya suna sha, ta jera manyan a baya, ba mai ko tari. Ashe ta kwana biyu tana haka. Na ce mata, "Na ga yadda kika kula da ƙannenki." Kawu, waiwayawa ta yi ta ga da wa nake.

A tsarinmu, yaron da ya ɗore da abin kirki mukan gayyato iyayensa taron safe su ji da kunnensu. Na ce ta faɗa wa babanta ina nemansa. So nake in yi masa bazata, in ga fuskar bawan Allahn nan a sake ko sau ɗaya.

Ka gaida Inna da yara. Allah Ya ƙara lafiya.

Taka,
'Yar ƙanwarka

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Tunda sunan uwata kika ci, ba ni da bakin yi miki faɗa, sai dai in faɗa miki gaskiya a durƙushe. Jiki da sauƙi. Kunne kuwa yana nan, abin da ya ga dama yake ji, Innarki ta ce da gangan ne.

Bulalan da kika kulle, ki riƙa leƙa su kada gara ta cinye, wata rana za ki neme su. Wasa nake. Ban yarda da tsarin naki ba, ban kuma ƙi shi ba. Cikin yaran da suka bi ta hannuna akwai waɗanda suka zama mutane, akwai kuma waɗanda har yau in sun hango ni sai su canja hanya. Ina zaune a ƙofar gida ina ta tunanin wanne ne aikin bulalar, ban gano ba tukuna.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai cikin takardarki. Kin ce ta faɗa masa kina nemansa. Shi ke nan saƙon? Uwata, tun da na fara koyarwa har na ajiye, ban taɓa ganin an kira uba makaranta don alheri ba. Mutumin da ya saba jin ƙorafi a duk kira, ba a yi masa bazata. In takardar nan ta riga shi zuwa hannunki, ki tashi wani babba ya je ya faɗa masa dalili.

Allah Ya yi miki albarka.

Kawunki

*

Zuwa ga mahaifin ɗalibarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na rubuto ne saboda ba ka amsa kirana ba, 'yarka kuma ta daina zuwa makaranta. Ƙawayenta sun shaida min cewa ranar da ta kai maka saƙona ka yi mata dukan da ta kasa ɗaga hannu, ka kuma ce ta gama karatu.

Ina so ka sani ba laifi ta yi ba. Kiranka na yi domin ka tsaya a gaban makaranta ka ji ana yabonta. Ita ce take ɗaga ƙananan yara su sha ruwa a famfo, ba wanda ya sa ta. Hannun da ka daka, da shi take ɗaga su. Mu nan muna wahala mu gina yaro, a je gida a rushe cikin wuni ɗaya. Ko tambaya ai a yi kafin a yanke hukunci.

Ina buƙatar ka dawo da ita ba tare da ɓata lokaci ba, ka kuma zo ofishina mu yi magana.

Shugabar makaranta

*

Ranki ya daɗe Shugaba,

Wa alaikumus salam. Na ga takarda. Ki yi haƙuri da rubutuna, na fi sabawa da fensir a kan katako.

Kin ce ban tambaya ba. Na tambaya. Na ce me kika yi kuma, ta ce abin kirki na yi. Ni kuwa na ɗauka rainin hankali ne a kan laifi, shi ya ƙara tunzura ni. Ranki ya daɗe, tun tana aji biyu ake kirana. In rufe shago, in bar aikin mutane, in zo in zauna a kujerar nan taki ana karanto min abin da ta yi kamar ni na aike ta. Kiran da ya wuce, a gabanki na ce in aka sake kirana ta gama makaranta. Kina zaune na faɗa. To, ta ina zan san wannan kiran daban ne?

Sai da na karanta takardarki na san gaskiya ta faɗa min. Abin da na ji ba zan iya rubuta shi ba. Na ce mata ta shirya ta koma, ta ce ba za ta ba. Ta ce duk faɗan da take yi ba ta taɓa shan irin wannan ba sai da ta yi abin kirki, don haka ta haƙura da duka biyun. Yanzu tana wuni a shago tana kallon titi. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Tilasta mata kuwa, da me? Hanya ɗaya na sani, kuma kin ga inda ta kai mu.

Ofishinki ba zan zo ba. Yara da malamai duk sun san abin da na yi, ba ni da idon kallonsu.

Ki huta lafiya.

Kafinta

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso bayan aikin gama ya gama. Abin da ka hango shi ya faru. Ya yi mata duka, ta bar makaranta. Na haɗo maka abin da na rubuta masa cikin fushi da amsar da ya ba ni, ka gani da idonka.

Malamin ladabtarwa bai ce min "ai na faɗa" ba. Shayi ya haɗa ya ajiye min a tebur ya fita, wannan ya fi min ciwo. 'Yan aji ɗaya kuwa sun koma ɗage a bakin famfo, ruwan na bin hannun riga. Wata mai giɓi ta ja min mayafi ta ce, "Malama, ina yayarmu?"

Jiya na bi ta layin shagonsa. Na tsaya a tsallaken titi kusa da mai faci, na hango ta zaune a kan tarin katako ta haɗa kai da gwiwa, shi yana goge ƙofa ya ba ta baya. Na kasa tsallakawa. Kunya nake ji, Kawu, kuma tsoro nake ji. Yarinyar nan ta fara yarda da mu ke nan, ni da kaina na miƙa ta. In ta tafi a haka, abin da ta koya a makarantata shi ne alheri duka yake jawowa.

Ka faɗa min abin yi, ko da faɗa ne.

'Yar ƙanwarka

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Na karanta abin da kika rubuta wa mutumin nan. Da kin buɗe kabad kin ɗauko bulala ɗaya kin je kin tsula masa, da ya fi samun sauƙi. Ke da kika ce a faɗa wa mutum abin da ya yi daidai, ashe dokar a bakin ƙofar makaranta ta tsaya?

Kin koyar da yara, kin koyar da malamai, har mai shara ta san abu ukun nan. Iyaye kika manta, alhali su ne tsofaffin ɗalibai. Makaranta ta riga ta koya musu ma'anar kira tun suna sanye da gajeren wando, kuma sun haddace.

Ki sake karanta amsarsa, ki yi masa abin da kike yi a bakin famfo. Mutum ne da duk kiran da aka yi masa a baya ya zo. Kin zage shi a takarda, ya zauna ya ba ki amsa, ya faɗi gaskiya a kan kansa ba wanda ya matsa masa. Ni na ga uban da ko sunan ajin ɗansa bai sani ba.

Ita kuma kada ki lallashe ta da yabo, yanzu yabo ɗaci yake mata. Ki faɗa mata wurinta babu kowa. Kuma don Allah kada ki sake kiransa.

Innarki ta ce ki ci abinci, ta san halinki.

Kawunki

*

Zuwa ga Malam Kafinta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina kuma neman afuwarka. Na ji abin da ka faɗa a ofishina ranar nan, duk da haka na aika yarinya da saƙon da babu bayani. Da na ga ya ɓaci kuma, sai na ɗora maka duka. Ban kyauta ba.

Akwai abin da ya kamata in faɗa maka tuntuni. Ban taɓa kiranka ka aiko wani ba. Da garin katako a hannun rigarka kake zuwa, ka zauna ka saurara har ƙarshe. Ka tuna kujerar da kake zama a kai, mai girgiɗi? Wata rana na gama karanto maka laifin 'yarka, ka tashi ranka a ɓace, har ka kai ƙofa sai ka dawo ka kifa kujerar, ka bubbuga ƙafar, ka fita. Har yau ba ta sake motsi ba. Da na ga 'yarka a bakin famfo, kai na tuna. In ta ga abu bai daidaita ba, sai ta sa hannu. A gida ta koyo wannan, ba wajenmu ba.

Mun gyara tsarinmu. Daga yanzu ba yaron da za a aika da "ana neman babanka". In labarin alheri ne, malami zai tako har gida ya faɗa da bakinsa.

Ka karanta mata wannan: 'yan aji ɗaya har yanzu ba sa kai wa famfo, kuma suna tambayar yayarsu. Ba wanda ya zauna a kujerarta.

Wannan ba kira ba ne. Ka huta lafiya.

Shugabar makaranta

*

Ranki ya daɗe Shugaba,

Wa alaikumus salam. Na kasa karanta mata, sai na miƙa mata ta karanta da kanta. Ta gama ta ninke takardar. Can ta ce, "In na gama makarantar ma wa zai riƙa ɗaga su?"

Na buɗe baki in faɗa mata irin abin da kuke faɗa, sai na ji na ce ta miƙo min zarto. Mun yi musu ɗan matakala. Ita ta nuna min tsayin a gwiwarta, ita ta riƙe katako ina yankawa. Ta ce gefen ya yi kaifi zai yanke su, na goge.

Gobe za ta zo da shi. Yana da nauyi, don haka zan kama mata. In kun fara taron safe zan tsaya daga baya wajen maigadi. Kada a kira sunana. So nake in ji yadda ake faɗa wa yaro ya yi daidai, ko zan iya.

Baban Barkono